Karsanar Mai Rijiya

Mutanen Dakoro sun daɗe suna mamakinmu kafin su saba da mu. Mata ne zalla a gida ɗaya, ba miji, ba ɗa, ba kuma mai jiran wani ya zo neman aurenta, ga lulluɓi kullum a ka kamar masu takaba. Maser suke ce mana, yadda ake kiran matan cocin Katolika da suka bar aure suka ba da rayuwarsu ga bautar Allah da hidimar mutane. Maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai ta daɗe tana yi mini tayin ƙanenta, tana cewa ɓarna ce mace mai ƙashi irin nawa ta zauna haka nan. Sai ranar da ta ji ni ina yi wa mai kawo mana ruwa faɗa ta janye tayinta, ta ce Allah ya tsare mata ƙane.

Ba ta yi ƙarya ba. Ina da baki, kuma zaman gidan addu'a bai rage mini shi ba, ya dai koya mini in nemi gafara bayan na gama. Ni Ba'ara ce daga wajen Dogon Dutsi, aka turo ni Dakoro ina da sauran ƙuruciya da ilimin lakkwal, wato boko, da yake yi mini ƙaiƙayi a ka. Babbarmu kuwa tsohuwa ce 'yar ƙasar Burkina, gajera, mai tafiya kamar ba ta son isa. Hausarta duk a karye take, mace ta zama namiji, namiji ya zama mace, amma ban taɓa ganin wanda ya kasa gane abin da take nufi ba.

Wasu cikinmu suna duba marasa lafiya, wasu suna koya wa mata ɗinki. Ni da ita aka ba mu aikin waɗanda aka danne wa haƙƙi: matar da 'yan'uwan miji suka cinye wa gado, makiyayin da aka tsare wa awaki don sun leƙa gona, manomin da aka tura masa shanu cikin hatsi aka ce ya yi abin da zai yi. Ba mu tambayar addinin mutum, kuma kusan dukansu Musulmi ne. Ni abin da na sani shi ne doka, na san biro, wato ofishin da ake zuwa, da wanda ake gani. Ita abin da ta sani shi ne gaisuwa. Kowace magana aka kawo mata, sai ta ce mu je mu gaida mutumin. Na sha gaya mata cewa da gaisuwa tana maganin zalunci, da ƙasar nan ta fi kowace ƙasa adalci, don ba wanda ya kai mu iya gaisuwa. Sai ta yi dariya ta ce in ɗauko takalmina.

Wata ranar kasuwa da rani, wata mata ta shigo mana. Doguwa ce siririya, tafin hannunta duk kanta saboda jan igiya. Mijinta ya rasu da kaka, ya bar mata 'yan shanu da awaki da jakuna, da ɗiya budurwa da take taya ta aiki. Suna zaune kusa da wata rijiyar makiyaya a arewacin gari.

Wanda bai san rijiyoyin arewa ba ba zai gane abin da ya kawo ta ba. Zurfi gare su, hannu ba ya iya jawo ruwansu. Sai a kafa gwafa a bakin rijiya, wato ƙaton ice mai baki biyu, a rataya igiya a kai, a ɗaura wa sa ko raƙumi ko jakuna su ja wasaki, babban gugan fata, a juye a komi dabbobi su sha. Gidajen da kakanninsu suka sa hannu a haƙar rijiya kowane yana da gwafarsa, kuma mai gwafa shi ke shayarwa da safe, lokacin da ruwa ya kwana ya taru. Surukin matar nan yana cikin waɗanda suka shiga ramin da kansu, ɗansa, wato mijinta, ya gaji gwafar. Ana gama sadakar arba'in ɗin mijinta, babban ɗan mai rijiya, wato dattijon da ikon rijiyar ke hannunsa, ya tumɓuke gwafar ya jefar gefe, ya kafa ta wani ɗan kasuwar Maraɗi mai garke da makiyayan haya a gurbinta. Hujjarsa ita ce mace ba ta da gwafa.

Na tambaye ta ko sun hana ta ruwa ke nan. Ta girgiza kai, ta ce ai ba mai hana ruwa a daji, wannan abin kunya ne. Sun ce in kowa ya gama ta ari gwafar wani. Kafin kowa ya gama rana ta take tsaka, ruwan ya ja baya, abin da wasaki ke fitowa da shi rabinsa laka ne.

"Maser, ba su hana ni ba, cewa sunka yi in jira," in ji ta. "Ni na iya jira. Saniya ce ba ta iya ba."

Ta ce in haka ya ɗore har faɗuwar ruwa, shanun ba za su kai ba. Ko dai su faɗi ɗaya bayan ɗaya, ko ta kora su kasuwar Dakoro a ramensu ta sayar yadda aka taya, ta shigo gari ita da ɗiyarta suna surfe a gidajen mutane. Ta faɗi haka ba hawaye, tana murza bakin zanenta.

Nan take jinina ya hau. Na ce mata doka ba ta ce mace ba ta gadon haƙƙin ruwa ba, gobe-goben nan mu je mu shigar da ƙara, in ta kama a tura jandarma. Ina ambatar jandarma ta miƙe ta ɗauki ƙwaryarta. Ta ce ita ba rigima ta zo saye ba. In aka kawo wa mai rijiya masu kaki ta dalilinta, ko an mayar mata da gwafa ba mai sake amsa sallamarta, ba mai taya ta neman dabba in ta ɓace, kuma mutanen nan su za su ɗauki gawarta. Babbarmu ta riƙo hannunta ta zaunar da ita, sannan ta dube ni ta ce mu je mu gaida mutumin.

Ranar da muka samu motar da za ta bi ta wajen rijiyar, Jumma'a ce, cikin Karem, azuminmu na kafin idin Pak, wato Ista. A Jumma'ar Karem ba ma cin nama. Abin a jikinmu yake tun muna yara, ba ma sai mun tuna ba, shi ya sa ba wadda ta yi tunanin ranar za ta iya zama matsala.

Mai rijiya tsohon Bafillace ne, fari, mai dogon wuya, ba ya ɗaga murya. Ya ji labarin zuwanmu tun kafin mu iso. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo nono mai sanyi muka sha, aka yi ta gaisuwa har babbarmu ta ƙoshi. Muna nan sai ga akushi. Ɗan akuya ya yanka mana, a tsakiyar rani, lokacin da makiyayi ko ɗansa ke ciwo sai ya yi tunani kafin ya sa wuƙa. Aka buɗe, ƙanshi ya tashi, ni da babbarmu muka dubi juna.

Ta yi masa bayani iyakar iyawarta, na ƙara da tawa Hausar mai kyau. Na ce azumi muke, yau ba ma cin nama, ba don komai ba ne. Ya saurare mu har muka gama, ya dubi ƙwaryar nonon da muka shanye tas.

"Azumin da a ka shan nono a bar nama," ya ce, "ban taɓa jin labarinai ba."

Ya sa aka ɗauke akushin. A wajensu baƙon da ya ƙi abincinka ya gaya maka abin da ya kawo shi, don mai niyyar kai ka ƙara ba ya cin gishirinka. Da muka taɓo maganar gwafa ya ce shi ya tsufa, harkar rijiya tana hannun yara, Allah kuma ba ya manta maraya. Ya raka mu har bakin hanya da ladabin da ya fi zagi ciwo.

A mota, da muka hango gari, babbarmu ta dube ni. Ta ce mun tsare azuminmu, mun zubar da matar mutane. Da mompera, limaminmu da ke zuwa daga Maraɗi, ya ji labarin, ya riƙe kai ya ce ai cocin ma ba ta ce a kunyata mai masauki don loma ɗaya ba. Na ce masa faɗa da baki a inuwa ba wuya, shi ma da yana wurin da akushin zai tsaya kallo. Bai musa ba.

Mun koma gaisuwa ba sau ɗaya ba. Kullum sai a ce mana tsoho ya bi shanu, alhali ga raƙuminsa a ɗaure yana tuƙa. Ni dai na ce tunda gaisuwa ta ƙare sai a gwada tawa hanyar. Babbarmu ta ce a'a, mu ne muka ɓata, sai mu tambayi mutanen wurin yadda ake gyarawa. Ta je ta zauna gaban matar nan kamar 'yar makaranta, ta tambaye ta abin da ake yi wa mutumin da aka ƙi cin abincinsa.

Matar ta gyara zama. Ta ce in ka kai masa kyauta zai mayar, in ka ba shi haƙuri zai ce ba a yi masa komai ba. Abu ɗaya ta sani da ba ya mayaruwa, shi ne a roƙe shi habbanaye. Ta yi mana bayaninsa. Mai dabbobi yakan ba wanda ba shi da su aron karsana, ya riƙe ta, ya sha nononta, 'ya'yan da ta haifa su zama nasa, bayan haihuwar da aka yi alkawari ya mayar da uwar. Ba ciniki ba ne, zumunci ne, wanda ya ba ka habbanaye ya zama ɗan'uwanka har 'ya'yanku. Roƙonsa girmamawa ce, ƙin bayarwa kuma abin gori ne da ake yi wa mutum har jikokinsa. Wanda ya karɓa zai kula da ita fiye da tasa. Wanda ya bayar kuma kunya ta hana shi tambayar lafiyarta, ko hanya ta haɗa su sai ya kau da kai.

Na ce wato mu je mu durƙusa wa wanda ya ci zalinta mu roƙe shi saniya? Karon farko ke nan da na ga matar nan ta yi dariya. Ta ce durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba ne.

A gida ma sai da aka yi muhawara. Mun yi wa Allah alkawarin ba za mu mallaki komai ba, ko agogon hannuna na gida ne ba nawa ba, to ina mu ina saniya? Wata 'yar'uwa ta tambaya ko a ɗakin addu'a za mu ɗaure ta. Babbarmu ta ce aro ba mallaka ba ne, kuma in akwai dabbar da ta dace da matan da ba su da komai, to ita ce wadda ba tasu ba. 'Ya'yan kuwa na mai kiwonta ne. Da aka tambayi wa zai yi kiwon, ta ce ai makiyayiya ɗaya muka sani.

Sai a lokacin na hango inda ta dosa, na ji daɗi har na tafa. Na ce mu karɓo karsanar shiru, sai dai kawai ya gan ta a garken matar. Ta harare ni, ta ce mu ba tarko muke ɗanawa ba. Za ta gaya masa komai kafin ta taɓa igiya, in ya ga dama ya hana.

Bayan Pak muka same shi a bakin rijiya da hantsi, inda ba damar a ce ya bi shanu. Yana zaune gindin wata aduwa da dattawa, ana ta jan ruwa, ƙura da kukan dabbobi sun cika wurin. Babbarmu ta cire takalmi ta durƙusa a gabansa, tsohuwa da ita, gwiwoyinta suna ƙara. Ta ce mu baƙi ne, ba mu da uba a ƙasar nan, ba mu da ko kaza, ta zo ya ba ta habbanaye.

Wani cikin dattawan ya fashe da dariya, saura suka bi. Tsohon bai yi dariya ba, amma na ga wuyansa ya ƙara tsawo. Ba a taɓa jin 'yan mishan sun roƙi wani abu ba, kullum su ke bayarwa, ga shi yau a gaban jama'a shi aka zaɓa. Ya tambaya matan da ba su da miji ba su da garke me za su yi da saniya. Ta ce za mu sha nono, ai ya ga yadda muka iya shansa. Nan ya murmusa. Ya aika aka kamo wata jar karsana mai farin goshi, ɗiyar saniyar da ya fi so, ya riƙe igiyar da hannunsa.

Babbarmu ba ta miƙa hannu ba. Ta ce akwai magana ɗaya: ba mu iya kiwo ba, garken matar da aka cire wa gwafa za mu kai ta, can za ta kwana, tare da su za ta sha ruwa. In bai yarda ba ya riƙe abarsa, ba za mu ji haushi ba.

Babban ɗansa ya matso zai yi magana, tsohon ya ɗaga masa yatsa. Ya daɗe yana duban babbarmu.

"Saniyar habbanaye in ta bar hannu, ba a tambayar inda ta kwana," ya ce. "Amshi, maser."

Na koma gida ina ganin an gama, gobe za a mayar da gwafa. Ba abin da aka mayar. Bazara ta shigo da zafinta, iska ta tsaya, ciyawa ta ƙare sai ƙasa. Babbarmu ƙafa ta hana ta yawan tafiya, ni nake hawa bayan moto, wato babur, in je in tsaya tare da matar. Ba abin da nake tsinana mata, ko jaki ban iya kora ba, amma babbarmu ta ce tsayuwar ma aiki ce, mutane su ga ba ita kaɗai ba ce. Sai mu tsaya nesa a rana da 'yan shanunta, muna kallon garken ɗan kasuwa yana sha a gurbin mijinta. Jar karsanar tana hango uwarta a komin safe, ta yi ta kuka tana jan igiya. Tsohon yana gindin aduwarsa, ya juya mana ƙeya yadda al'ada ta ce. Ni kuwa ina tsaye ina ƙuna ciki da waje, ina ta ƙirga masa zunubi a zuciyata.

Akwai wata tsohuwar saniya baƙa a garken matar, wadda mijinta ya fara mallaka, sauran duk 'ya'yanta ne da jikokinta. Ta rame har ana ganin haƙarƙarinta. Wata rana layi bai zo kanmu ba sai bayan azahar. Ɗiyar ta kora jakuna, wasaki ya fito da ɗan ruwa ja, aka juye a komi. Shanun suka yo ca. Baƙar saniyar ta taho tana tangaɗi, ta kusa sa baki, sai matar ta ɗaga sanda ta tare ta, ta tare sauran, ta jawo jar karsanar ita kaɗai ta sa ta a komin.

Na daka mata tsawa, na ce ba ta ganin tsohuwar za ta faɗi? Ta bar ta ta sha mana, karsanar ai da sauran ƙarfinta. Ko dubana ba ta yi ba.

"Ta amana ita ka fara sha, maser," ta ce. "Haka munka gada."

Karsanar ta sha ta ƙoshi, ta ɗaga kai ruwa yana zuba daga bakinta. Kafin wasaki na biyu ya fito baƙar saniyar ta durƙushe. Na waiga wajen aduwa. Tsohon bai juya ƙeya ba a wannan karon, yana kallo, kuma bai ɓoye ba. Ya miƙe ya bar shayinsa a kan wuta, ya tafi ba sallama.

Saniyar ba ta sake tashi ba, washegari aka yanka ta kafin ta mutu. Da labari ya iso mu na shiga wajen babbarmu na zazzage mata duk abin da ke cikina. Na ce gaisuwarta da durƙusonta ne suka kashe saniyar nan, da an bi tawa da tuni an wuce wurin. Na ce haƙƙi ba kyauta ba ne da za a zauna jiran zuciyar wani ta yi laushi. Ba ta kare kanta ba. Ta ce i, saniyar ta mutu, kuma wataƙila ina da gaskiya. Sai na ga hawaye a fuskarta, ni kuma faɗa da mai kuka ba ya yi mini daɗi. Muka yi shawara in aka ƙara kwanaki ba canji, za mu koma mu roƙi matar ta yarda a kai maganar gaban hukuma.

Da na koma rijiyar, tun daga nesa na ga kamar wurin ya canza, ban gane me ya canza ba. Sai da na matso na ga jakunan matar ne ke jan igiya, da hantsi, rana ko zafi ba ta yi ba. Gwafar mijinta tana tsaye a raminta, an dabe gindinta da sabuwar ƙasa. Ta ɗan kasuwar an matsar da ita can gefe. Ruwan da ke zuba a komi fari ne tas.

Ɗiyar ce ta ba ni labari. Ta ce tsohon da kansa ya zo da sassafe, ya sa 'ya'yansa suka ɗauko gwafar daga inda aka jefar da ita, babban ɗan ne ma ya haƙa ramin yana cika yana batsewa. Bai ambaci karsana ba, bai ambaci baƙar saniya ba. Abin da kawai ya ce shi ne ya tuna wanda ya sassaƙa icen nan, kuma bai kamata gara ta cinye shi a ƙasa ba. Matar tana bakin komi da sandarta. Na je na tsaya kusa da ita. Ta ɗebo ruwa a ƙwarya ta miƙo mini na sha. Murna ta kama ni.

Ban bar tawa ta faɗi ƙasa ba duk da haka. Na nace sai an faɗi maganar a gaban mai gari da shaidu, don tsoho ba zai dawwama ba, ɗansa kuma na ga irin kallon da yake yi. Matar ta yarda tunda ba ƙara ba ce, tsohon ma bai ƙi ba. Babbarmu ta ce to, ga amfanin lakkwal ɗina ya fito. Har yau ni da ita ba mu daidaita ba a kan wa ya fi gaskiya. Garken ɗan kasuwar bai fasa sha a rijiyar ba, kuma na san akwai wasu rijiyoyin da wasu matan ke tsaye a rana, ba kowane mai rijiya ne kuma yake da kunyar tsohon nan ba. Amma daga baya mata biyu daga wata rijiyar sun zo mana da irin wannan magana, kuma abin da suka fara cewa shi ne sun ji an mayar wa wata.

Ruwa ya faɗi, sauran shanun suka kai. Jar karsanar ta girma ta haifi mace, ta sake haihuwa namiji, duka suka zama na matar yadda aka yi alkawari. Nono kuwa duk ranar kasuwa sai an aiko mana da shi a gora, har maƙwabciyarmu mai ƙosai ta fara cewa ashe dai mun yi aure a daji ba mu gaya mata ba. Kafin lokacin mayar da saniya ya yi an kira babbarmu gida Burkina, tsufa ya ci ƙarfinta. Ni aka bari da igiya.

Aka sa rana. Ana saura kwana kaɗan sai ga wani mutum a ƙofarmu a kan raƙumi, ya ce tsoho ne ya aiko shi da tambaya. Na ɗauka wani abu ya faru. Ya gyara murya ya ce, tsoho ya ce a tambayi maser, ranar da za ta zo, ranar cin nama ce a wajenku ko ta shan nono?

Na ce ya gaya masa ta nama ce, kuma ya zaɓi mai ƙiba.

Da safe muka fara biyawa ta rijiya, don matar ta ce ba za ta mayar da amana da ƙishirwa ba. Ta rataya igiya a gwafarta, ɗiyarta da goyo a baya ta kora jakuna. Bakin icen ya yi sumul yana sheƙi saboda gogar igiya. Wasaki ya fito a cike, aka juye. Ta ɗaga sanda ta tare nata shanun, waɗanda yanzu sun fi ƙarfin sanda ɗaya, ta bar jar saniyar ta fara sha. Wannan karon ban daka mata tsawa ba, don ruwan ya ishi kowa.